Mai Zuba Gahawa a Gidan Jakada

A unguwar Zahir da ke Makka, duk wanda ya taɓa ɗaura aure ko ya yi zaman makoki ya san Abdulganiyyu. A tsaye muka san shi, dalla a hannun hagu, ƙananan finjalai a jere cikin tafin dama. Dalla ita ce butar gahawa mai dogon baki. Zuba gahawa sana'ar mahaifinsa ce. Kakansa ne ya zo Makka da ƙafa, tun zamanin da ake shekaru a hanya, bai kuma koma ba. Saboda haka su 'yan ƙasa ne, da takardunsu da komai. Hausa tana nan a gidansu, amma ba ta cika fitowa falon baƙi ba.

Ni maƙwabcin mahaifinsa ne, bango ɗaya ya raba mu. Na san lokacin da aka haife shi, na kuma san mahaifiyarsa ta daɗe a kwance bayan haihuwar, ruwan nono ya ƙi zuwa. A lokacin akwai wata mata mai suna Hajo da ke saukowa daga Nakkasa, unguwar da ke kan dutse, tana yi musu wanki. Hajji ya kawo ta ita da mijinta, suka zauna, mijin ya rasu ya bar ta da ciki. Ba ta da takarda ko ɗaya. Tana goye da ɗanta Maman, ɗan wata kaɗan, ta ga jariri yana kuka, ta ajiye wankin ta ɗauke shi. Ba wanda ya roƙe ta. Haka Abdulganiyyu da Maman suka zama 'yan'uwan nono, kuma har gobe Inna yake ce mata.

Tare mahaifin ya koya musu aikin. Mai zuba gahawa ba ya zama. Ba ya miƙa finjali da hagu. Ba ya cika shi, ɗan kaɗan yake zubawa, abin da zai rufe gindin finjalin, domin a nan cika wa baƙo finjali kamar ce masa ne ya sha ya tashi. Da babba ake farawa, sannan a bi dama. Ana ta ƙara wa mutum har sai ya girgiza finjalinsa, alamar ya ƙoshi. Tsohon yakan ce hannun Maman ya fi na ɗansa natsuwa, kuma a gaban ɗan yake faɗa. Amma da suka girma, manyan gidaje suka fara tambayar takardun ma'aikata. Abdulganiyyu ya ci gaba da riƙe dalla, Maman ya koma tashar Kudai yana ɗaukar kayan alhazai daga bas zuwa bas.

A Kudai ɗin aka kama shi, bayan ya auri wata yarinya mai suna Mujahida, ita ma haifaffiyar Nakkasa, ita ma ba takarda. Aka tsare shi na ɗan lokaci, aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da iyayensa suka fito, wadda bai taɓa gani ba. Da farko yana kira. Daga baya kiran ya yi nisa da juna. Wata rana aka kira lambar aka ji ta a kashe, ba ta kuma sake shiga ba.

Mujahida ta zauna da Hajo. Da aka rushe gefensu na Nakkasa, suka hau can sama suka kama ɗaki ɗaya. Ita ke fita neman abin da za su ci, domin gwiwoyin Hajo sun daina son matakala. Shekaru suka tura. Kawun Mujahida ya fara magana, kuma ba za a ce bai da gaskiya ba. Akwai wani direban bas mai iƙama, wato takardar izinin zama, da ya nuna yana so, mutumin kirki, ba a san shi da wani aibu ba. Malamai suka ce ana iya raba auren wanda ya ɓace haka. Kawun ya ce zai jira zuwa bayan hajji mai zuwa, daga nan ba zai ƙara jira ba.

Ana cikin haka aka naɗa wani mutumin Makka jakada a waccan ƙasar. Abdulganiyyu ne ke zuba gahawa a duk wani taron gidansu, kuma mutumin ya san yana jin Hausa, sai ya nemi ya bi shi. Manar, matar Abdulganiyyu, ba ta so ba. Ita Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta ce ba za ta kwashi yara daga makaranta ta bi shi inda ba ta san kowa ba. Ya ce ta zauna, zai riƙa zuwa hutu. Bai gaya mata dukan dalilinsa ba, amma na ga kamar ta gane.

Kafin ya tashi ya hau Nakkasa yin sallama. Hajo ta aiki Mujahida sayen burodi, sannan ta yi magana.

"Abdu, ban ce ka kawo mini shi ba, na san ba a hannunka yake ba. Magana ɗaya nake so. In ya mutu, a gaya mini. In yana raye, ya riƙe yarinyar nan ko ya sake ta. Ta gaji, ba ta dai faɗa."

Ya ce to, Inna.

Ya ɗauka abin zai zo da sauƙi. Da ya ga girman birnin, sai ya gane ba haka ba ne. Duk ranar da ba aiki yakan bi tashoshin mota da bakin masallatai yana tambayar wani Maman da aka maido daga Makka. Aka nuna masa Maman mai faci, da Maman mahauci, da Maman ɗan dako, ba nasa a ciki. Hausarsa ma ta zama abin dariya a kasuwa. Irin ta kakansa ce, ga Larabci a tsakiya, har wani mai tumatir ya tambaye shi ko daga kabari ya taso. Ya yi dariya tare da su, ya sayi tumatirin da bai da bukata.

Aikin gidan jakada kuwa, daga bayan kujeru ya gan shi. Ya ce mini yawancinsa gaisuwa ce da jira. Ministoci su zo a yi maganar kujerun hajji, da ɗaliban da za a ɗauka karatu, da rijiyoyin da za a haƙa, da dabinon da ake rabawa in azumi ya gabato. A daɗe ana tambayar lafiyar shugabanni, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum cikin 'yan kalmomi, a tashi a ɗauki hoto. Idan magana ta yi tsauri, jakada ya ɗan dube shi, shi kuma ya matso da dalla, kowa ya sami abin yi da hannunsa har zuciya ta sauka.

Gahawar ma ba ta rasa nata rikicin ba. Mutanen can ba su san girgiza finjali ba. Wani minista ya yi ta miƙo nasa don a karɓa, Abdulganiyyu yana ta ƙara masa, shi kuma kunya ta hana shi ƙi, har idonsa ya yi ja. Wani dattijon malami kuma ya leƙa cikin finjalinsa, ya juya ya ce wa na kusa da shi, ga ƙasa mai arzikin mai, amma abin shansu ko bakin tsuntsu ba zai jiƙa ba. Bai zaci mai farar jallabiyar da ke tsaye a kansa yana ji ba. Abdulganiyyu ya sunkuya ya ce masa, "Allah gafarta malam, so muke ka daɗe tare da mu, shi ya sa." Malamin ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, daga ranar kuma duk zuwansa sai ya nemi ɗan Makka su gaisa.

Watanni suka wuce, ba labarin Maman. Azumi ya zo ya fita. Abdulganiyyu ya rage kiran Nakkasa, domin Hajo ba ta tambaya, shirun nata kuma ya fi tambayar nauyi.

Sai aka shirya wata babbar walimar rana a gidan jakada, don wata yarjejeniya da ƙasashen biyu suka sa wa hannu. Cikin waɗanda za su zo akwai ministan harkokin waje da shugaban majalisa, kuma kowa a garin ya san ba sa ga maciji da juna. Turki, jami'in da ke tsara zaman baƙi, ya rasa yadda zai yi. Kujeru ana iya jera su daidai, ɗaya a dama da jakada ɗaya a hagu. Amma finjalin farko ɗaya ne, kuma mutanen kowannensu za su zuba ido su ga wa aka fara ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan dalla biyu, masu zubawa biyu, su miƙa a lokaci guda.

Aka kawo ma'aikatan otal don Abdulganiyyu ya zaɓi ɗaya ya koya masa. Yara ne masu hankali, sun kama tsayuwar, sun kama riƙon. Amma da zarar an zo zubawa, sai finjali ya cika har baki. Ya nuna, ya sake nunawa. Su yi daidai sau ɗaya, da an sa musu mutum mai furfura a gaba, hannun ya koma gidan jiya. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, shi fa ba zai iya miƙa wa babban mutum ɗigon abu ba, uwarsa ba ta koya masa rowa ba. Abdulganiyyu bai ga laifinsa ba.

Yana ba direban gidan labari suna cin abinci, direban ya yi dariya ya ce ai kuwa ya san wani mai irin wannan ciwon, amma a juye. Akwai wani mai shayi a bayan tsohuwar tasha, ana ce masa Takari. Ba ya zama, a tsaye yake wuni, butarsa kullum a hagu, kuma in ba ka yi masa magana ba rabin kofi zai ba ka. Mutane sun yi faɗa da shi har sun gaji, yawanci sun koma teburin gaba.

Abdulganiyyu ya ajiye cokalinsa. Ya ce wa direban ya kai shi da safe.

Daga nesa ya gane tsayuwar. Fuskar ce ta ɗauke shi lokaci, don ta faɗa, haƙori ɗaya na gaba babu, gemun ya yi fari kafin lokacinsa. Ya zauna a bencin kamar kowane mai saye. Maman ya zuba, ya miƙo da dama, sai ya tsaya da kofin a hannu.

"Yaya, hannunka zai ƙone," in ji Abdulganiyyu.

Maman ya ajiye kofin a hankali. Ya dubi jallabiyar, ya dubi motar da ke tsaye can gefe, ya ce, "Ka yi ƙiba."

"Kai ka sha nonon da yawa, ni ragowa na samu. Yanzu nake ramawa."

Ba su rungumi juna ba, akwai mutane. Maman bai tambayi kowa ba, Abdulganiyyu kuma bai ambaci kowa ba. Ya ce masa aiki ne ya kawo shi, yana neman hannu na biyu. Maman ya ce ya manta. Abdulganiyyu ya dubi rabin kofin da ke gabansa.

Ranar walimar aka sa wa Maman farar jallabiya. Suka fito tare daga ƙofa ɗaya, suka rabu a tsakiyar falo, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu. Ba su dubi juna ba. Manyan biyu suka karɓi finjalansu a lokaci guda, suka kurɓa, aka ci gaba da jawabai. Babu abin da ya faru, abin da ake nema ke nan. Washegari jaridu suka buga hoton ana musabaha, a gefen ɗaya daga ciki ana iya ganin bakin dalla.

Da la'asar, baƙi sun watse, suna wanke finjalai a bayan kicin, Abdulganiyyu ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Ya kuma faɗi maganar kawu da ta direban bas, da lokacin da aka ɗiba.

Maman ya daɗe yana goge finjali ɗaya. Sannan ya ce da farko jira yake ya sami abin faɗa. Ya yi jinya, aka sace wayar, ya ce bari ya warke. Da ya warke ya ce bari ya sami ɗaki. Kullum in ya ɗaga, sai kiran ya ƙara nauyi, har ya ga gara su ɗauka ya mutu.

"Me zan ce mata? In ce a kan bencin shayi na yi shekara ina kwana?"

"Ba ta tambayi inda kake kwana ba."

Ya miƙa masa waya. Maman ya mayar da hannuwansa cikin ruwa, ya ce muryarsa ba za ta ɗauka ba. Ya ce a kira masa mai dafa abinci da direba su zama shaidu. A gabansu ya ce zaɓi yana hannun Mujahida. In ta ce saki take so, ya wakilta ɗan'uwansa ya ba ta, ba kuma zai riƙe ta a zuciya ba. In kuma ta ce wani abu daban, to yanzu yana da ɗaki, ba babba ba ne. A nan ya tsaya.

Abdulganiyyu ya shiga wurin jakada ya faɗi komai. Ya tambaya, sau ɗaya, ko akwai hanyar da wanda aka fitar zai koma. Jakada ya ce masa gaskiya, wannan ba a hannunsa take ba, ba kuma zai yi masa alkawarin abin da ba zai iya ba. Abin da zai iya shi ne ya ba shi hutu. Abdulganiyyu ya karɓa. Bai buga waya Nakkasa ba, ya ce irin wannan magana da ƙafa ake kai ta.

Ya iso ana ta shirin hajji, gari ya cika. Bai kwana biyu ba ya hau dutsen. Wannan karon Hajo ba ta aiki Mujahida ko'ina ba. Ya gaishe su, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce Maman yana raye, ya gan shi, sun yi aiki tare. Hajo ta tambaya ko ya rame, ya ce ya rame. Ta tambaya ko yana salla, ya ce yana yi. Ta gyara mayafinta, ta juya fuska bango na ɗan lokaci.

Sannan ya dubi Mujahida ya gaya mata nata. Bai ɓoye mata komai ba, har haƙorin da bencin. Ya kuma gaya mata abin da ta riga ta sani, cewa in ta tafi, hanyar ɗaya ce, kuma ba a dawowa ta cikinta. In ta zauna, a yau ma zai iya sauke mata igiyar, ba wanda zai zarge ta.

Mujahida ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Teburin shayin nasa, wa ke wanke masa kofuna?"

Ya ce shi da kansa.

Ta ce, "Ai bai iya ba."

Sai kuma ta dubi Hajo, ta ce amma ba za ta iya barin Inna a saman dutsen nan ita kaɗai ba, wa zai ɗebo mata ruwa. Hajo ta ce, "Don shi na riƙe ki, ba don ni ba. Ki tashi ki haɗa kayanki."

Kawun ya yi faɗa sosai. Ya ce za ta bar mai iƙama ta bi mai benci, ta bar Harami ta tafi inda ba ta san gabas ba. Ya je har wurin Abdulganiyyu ya ce shi ya zuga ta. Abdulganiyyu ya zuba masa gahawa, ya saurare shi har ya gama. Direban bas ɗin kuwa, da labari ya kai masa, cewa ya yi matar mutum ce, Allah ya kai ta lafiya.

Bayan hajji Mujahida ta je ofishin ƙasarsu da ke Jidda aka ba ta takardar tafiya, sannan ta miƙa kanta ga hukuma. Ta ɗan jima a tsare kafin a sami jirgi. Da jaka ɗaya ta tafi, da tukunyar da ta ƙi bari.

A ranar da ta bar Nakkasa, Abdulganiyyu ya goyo Hajo a bayansa ya sauko da ita matakalar. Yana ta tunanin yadda zai fara yi wa Manar magana, ya iso ya tarar ta riga ta kwashe kayan ɗakin ƙasa ta shimfiɗa katifa. Bai koma gidan jakada ba. Ya aika da neman afuwa, jakada bai ji daɗi ba amma ya sallame shi da mutunci. Na ji an ce in taro ya taso sukan aika a kira Maman, sauran ranaku yana teburinsa. Abdulganiyyu ya koma ɗaurin aure da zaman makoki a Zahir. In aka tambaye shi yadda ya ga aikin jakadanci, yakan ce ƙafa ce ke ciwo, kamar ko'ina.

Ina gidan ranar da wayar ta shigo, wata Juma'a bayan an sauko. Mujahida ce ta kira, ta ce ta isa, sannan ta ce ga shi. Abdulganiyyu ya kara wa Hajo wayar a kunne. Daga can ana jin ƙarar babura. Hajo ce ta fara. Ta tambaya ko yarinyar ta ci abinci, ya ce ta ci. Ta tambaya ko ɗakin yana da ƙofa mai kulle, ya ce zai sa. Ta ce ya sa yau. Ya fara wata magana, ta katse shi.

"Bar shi, Maman. Sauran maganar sai ka zo."

Ya ce to, Inna.